Mercer Cook: Malamin Faransanci Baƙar Fata Da Ya Zama Jakadan Amurka A Yamai

 Yau za mu ƙetare teku ne, amma ba za mu yi nisa da gida ba, domin mutumin da za mu kawo tarihinsa ya sha ruwan Kwara, ya kuma sha hunturun ƙasar nan har na tsawon shekara uku. Sunansa Will Mercer Cook, Ba'amurke baƙar fata, kuma shi ne jakadan Amurka na farko da ya zo ya tare a Yamai bayan samun 'yancin kai. Kafin shi, jakadan da Amurka ta naɗa wa Nijar a Abijan yake zaune, yana riƙe da ƙasashe huɗu a lokaci guda, wato Kodebuwa da Dahomai da Haute-Volta da Nijar.

Wataƙila wata mai sayar da tabarmi a Madawa ko wani ɗan kasuwar albasa a Buza ya ce, to ina ruwanmu da jakada? Ai aikin jakada da na dillali ɗanjuma ne da ɗanjummai. Dillali yana tsaye ne tsakanin mai kaya da mai kuɗi, kowanne yana so ya ji ya yi masa aiki, kuma ranar da ɗaya ya daina yarda da shi, ranar kasuwarsa ta watse. Bambancin kawai shi ne jakada yana da uban gida guda, kuma sau da yawa ba shi ke da ta cewa kan farashi ba. Duk rayuwar Cook a wannan tsaka-tsakin ta ƙare, tsakanin harshe da harshe, tsakanin baƙaƙen Amurka da na Afirka, sannan tsakanin gwamnatinsa da abokansa.

An haife shi ranar 30 ga watan Maris na shekarar 1903 a birnin Washinton. Gidansu gidan kiɗa da waƙa ne. Mahaifinsa, Will Marion Cook, gwanin goge ne na Turawa wanda ya yi karatun kiɗa har a birnin Balin na ƙasar Jamus, amma da ya komo gida sai ya tarar launin fatarsa ya rufe masa ƙofofin manyan ɗakunan kiɗa, don haka ya koma tsara wasannin kwaikwayo na waƙa waɗanda baƙaƙen fata ke yi. Mahaifiyarsa, Abbie Mitchell, shahararriyar mawaƙiya ce kuma 'yar wasa. Wani abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, a shekarar da aka haifi yaron ne wasan mahaifin nasa mafi shahara ya fito a Niyok, har aka kai shi Landan, kuma sunan ƙasar Dahomai aka sa wa wasan. Uban ya rera Dahomai a dandali, ɗan kuma ya zo ya zauna a maƙwabciyarta da tutar ƙasarsa a gaban mota.

Yaron ya ɗan taɓa sana'ar gidansu, don ya rubuta baitocin wasu waƙoƙi a ƙuruciyarsa, sai dai zuciyarsa tana ga littafi. Ya yi sakandare a makarantar Dunbar ta Washinton, wadda aka ware wa 'ya'yan baƙaƙen fata kawai, domin a zamanin doka ce ta raba makarantar fari da ta baƙi. Daga nan ya wuce kwalejin Amherst, inda ya kammala a 1925, ya tafi Faris ya samo takardar shaidar koyar da Faransanci a 1926. Digirinsa na biyu da na digirgir duk a jami'ar Brown ya yi su, a 1931 da 1936. Ya yi aure a 1929, shi da matarsa Vashti suka samu 'ya'ya maza biyu.

Koyarwa ita ce sana'arsa ta asali, kuma a cikinta ya shafe fiye da shekara talatin kafin kowa ya kira shi jakada. Ya fara a jami'ar Howard da ke Washinton daga 1927, ya koma jami'ar Atlanta a kudancin ƙasar a 1936, inda ya yi zamani da babban malamin nan W.E.B. Du Bois. A wancan lokaci duk wanda ya ce zai koyi Faransanci a Amurka, littattafan Turawan Faransa kawai ake ba shi, kamar dai yadda aka yi wa 'yan lakkwal na nan ƙasar a zamanin mulkin mallaka. Cook bai yarda da haka ba. Ya shiga tono marubuta baƙaƙen fata da suka yi rubutu da Faransanci, daga tsibiran Karebiyan har zuwa Afirka, yana karantar da ɗalibansa aikinsu, har ya wallafa littafi a 1943 a kan biyar daga cikinsu. Wannan aiki ba shi da amo, ba shi kuma kawo kuɗi, amma shi ne jarin da ya ci riba da shi daga baya, saboda wasu daga cikin matasan da yake karanta rubutunsu su ne suka zama shugabanni a ƙasashensu.

A 1943 aka tura shi ƙasar Haiti don ya kula da koyar da Ingilishi, ya zauna har 1945. Haiti ƙasa ce ta jikokin bayi waɗanda suka kori Faransa da ƙarfin tsiya suka kafa ƙasarsu a 1804, kuma bai fi shekara tara ba da sojojin Amurka suka fice daga cikinta bayan mamayar da suka yi mata tun 1915. Ke nan tun a nan ya fara ɗanɗana irin zaman da zai yi a Afirka, ga shi ɗan'uwa ta wajen fata, ga shi kuma ɗan ƙasar da ake yi wa kallon mai danniya.

Daga wannan zama ne aka samu aikinsa da na fi so in tsaya a kai. Wani marubucin Haiti mai suna Jacques Roumain ya rubuta wani labari wanda ya fito a 1944, shekarar da ya mutu. Cook da abokinsa mawaƙi Langston Hughes suka juya shi zuwa Ingilishi, ya fito a 1947. Labarin wani saurayi ne da ya tafi ci-rani gonakin rake a Kuba, ya yi shekaru, da ya komo sai ya tarar fari ya cinye ƙauyensu, an sare itatuwan duwatsu, ƙasa ta zaizaye, dangi kuma sun rabu biyu saboda tsohuwar gaba ta jini. Ya yi ta yawo har ya gano idon ruwa, amma jawo ruwan zuwa gonaki aikin gayya ne, ba ya yiwuwa sai ɓangarorin biyu sun haɗa hannu, kuma a ƙoƙarin sulhunta su ya rasa ransa. Duk wanda ya tashi a Adar, ya ga samari suna tafiya Abijan da Legas da Libiya bayan girbi, ya ga yadda ruwan sama ke yanka gonaki a gangaren dutse, zai rantse a wani ƙauye tsakanin Buza da Keita aka yi abin. Mutumin da ya zauna ya auna kowace kalma ta wannan labari ya san fari tun kafin ya taka ƙasar Sahel.

Ya koma Howard a 1945. A watan Satumba na 1956 yana cikin tawagar baƙaƙen Amurka da suka halarci babban taron marubuta da masu fasaha baƙaƙen fata na farko a Faris, wanda Alioune Diop ɗan Senegal ya shirya, inda Léopold Sédar Senghor da Aimé Césaire suka yi jawabi. Bayan taron ne aka kafa wata ƙungiyar Amurkawa ta raya al'adun Afirka, Cook ya zama wakilinta a ƙasashen waje daga 1958, sannan a 1960 ya karɓi ragamar sashen Afirka na wata ƙungiyar masana mai hedikwata a Faris, wadda ke da'awar kare 'yancin al'adu. A nan akwai ƙura, kuma bai kamata a share ta ƙarƙashin tabarma ba. A shekarun 1966 da 1967 jaridun Amurka suka fallasa cewa ƙungiyoyin nan biyu suna samun kuɗi a ɓoye daga hukumar leƙen asirin Amurka, wato CIA, ta hannun wasu gidauniyoyi na je-ka-na-yi-ka, domin a janye masana daga bin Tarayyar Sobiyet. Da yawa daga cikin malaman da suka yi aiki a ciki sun ce a jarida suka fara jin zancen. Duk da haka tabon ya shafi kowa, domin wanda ya ci tuwon biki ba ya rasa maiƙo a hannu ko da bai san wanda ya sayi man ba.

A 1961 Shugaba John Kennedy ya naɗa shi jakada a Nijar. Kada mai karatu ya ɗauka alheri ne kawai ya sa aka yi haka. Ƙasashen Afirka goma sha bakwai ne suka samu 'yanci a 1960, kowace da ƙuri'arta a Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma Amurka da Sobiyet na zawarcinsu. Ga shi kuma wariyar launin fata na kunyata Amurka a gaban baƙinta. A wannan shekara ta 1961 jakadan Chadi, Adam Malick Sow, ya tsaya a wani gidan abinci a kan hanyarsa daga Niyok zuwa Washinton, aka ƙi sayar masa da ko kofin gahawa saboda baƙi ne, har maganar ta kai fadar shugaban ƙasa. Jakadu baƙaƙen fata a lokacin ba su cika yatsun hannu ba, na farkonsu ma, Edward Dudley, sai a 1949 ya samu muƙamin a Laberiya. Saboda haka Kennedy na bukatar mutum irin Cook kamar yadda mai shago ke bukatar yaron da ya iya harshen masu saye.

Yamai ɗin da ya tarar ƙaramin gari ne, mutanensa ba su wuce dubu talatin da 'yan kai ba, babu gada a kan kogi, sai jirgin fito. Ƙasar duka mutanenta wajen miliyan uku ne, kuma gyaɗa da dabbobi su ne abin da take sayarwa waje. Shugaba Diori Hamani shi ma tsohon malamin makaranta ne, har ya taɓa koyar da Hausa da Zabarmanci a Faris, shugaban majalisa Boubou Hama kuwa marubucin littattafai ne. Ga jakada ya zo wanda ba ya bukatar tafinta, wanda ya san littattafan da suka karanta da mutanen da suka yi gwagwarmaya tare a Faris. Tsofaffinmu da suka ga zamanin kumandan sun san abin da tafinta ke iya yi wa magana tsakanin baki da kunne, don haka ba ƙaramin abu ba ne a ce shugaba da jakada su rufe ƙofa su biyu su fahimci juna.

Amma iya magana daban, abin hannu daban. A wancan zamani Faransa ce ke riƙe da kusan komai, kuɗin sefa nata ne, sojojinta na nan, mashawartanta sun cika ofisoshin ministoci, ita ce kuma ke sayen gyaɗar Nijar a kan farashin da ya ɗara na kasuwar duniya. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA don ya riƙe cinikin gyaɗa, a kwarin Magiya da kewayen Madawa kuma kamfanin Faransa na CFDT ne ke tura noman auduga. Washinton ta ɗauki ƙasashen nan a matsayin gonar Faransa, ba ta son ta shiga da garma. Abin da jakada zai iya kawowa kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da ake fata daga ƙasa mafi arziki a duniya.

Cikin kaɗan ɗin akwai abin da ya taɓa talaka. A 1962 aka fara gagarumin aikin allurar bushiya ga shanu a ƙasashen da ke kewaye da tafkin Chadi, wato Nijar da Nijeriya da Kamaru da Chadi, da kuɗin ƙasashen Turai da na hukumar taimako ta Amurka. Duk mai harkar dabbobi ya ji labarin yadda bushiya ke share garke a 'yan kwanaki. A wannan shekara kuma rukunin farko na matasan Amurka masu aikin sa-kai, 'yan Peace Corps, suka sauka a Nijar, su 'yan ƙalilan, don koyar da Ingilishi. A lokacin ba wanda ya ɗauke su da muhimmanci, amma ƙofar da aka buɗe musu ta daɗe a buɗe har kusan shekara hamsin, dubbai suka shigo ta cikinta, da yawa suka koma gida da Hausa a bakinsu, kafin a dakatar da shirin a watan Janairu na 2011 saboda matsalar tsaro.

A nan ne tarihin ya biyo ta ƙofar gidan mutanen Buza. Bayan babban farin farkon shekarun 1970, iskar da ke kwashe ƙasar gonaki a kwarin Magiya ta zama abin tsoro. Wani jami'in gandun daji ɗan ƙasa da ke aiki a Buza, tare da wani matashi ɗan Peace Corps, suka kawo shawarar dasa layukan itatuwa su tare iska, ƙungiyar CARE ta Amurka ta sa kuɗi, aka fara aikin a 1975. Layi bibbiyu na dogon yaro ake dasawa, a bar tazarar mita 100, a sake wasu, kuma manoman kwarin ne suka yi dashen da hannunsu, har layukan suka kai ɗaruruwan kilomita. Cook ya bar ƙasar shekara goma sha ɗaya kafin a dasa ko ɗaya, kuma zai zama ƙarya a ce aikinsa ne. Abin da za a iya cewa shi ne a zamaninsa aka share hanyar da wancan matashi ya biyo.

Shekarar 1963 ta zo masa da nauyi. A watan Mayu, daidai lokacin da shugabannin Afirka ke haɗuwa a Adis Ababa don kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, hotuna suka bazu a duniya na 'yan sandan birnin Birmingham suna sakar wa yara baƙaƙen fata karnuka da ruwan famfon kashe gobara. A watan Satumba aka tayar da bom a wani coci a birnin, 'yan mata huɗu suka mutu. Mai karatu ya auna da kansa halin da baƙar fata mai wakiltar wannan ƙasa zai shiga duk safiyar da zai shiga fadar shugaban wata ƙasar Afirka. A ƙarshen shekarar yana cikin tawagar Amurka a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, sai ga shi ranar 22 ga Nuwamba an harbe Kennedy da ya naɗa shi. A Nijar ma ba a zauna lafiya ba, don a watan Disamba rikici ya tashi da Dahomai kan tsibirin Lete, aka kori dubban 'yan Dahomai da ke aiki a ƙasar. Ya bar Yamai a 1964, 'yan watanni kafin mayaƙan Sawaba na Djibo Bakary su kutso ta kan iyakoki. Gadar da Amurka ta ba da kuɗin ginawa, wadda aka sa wa sunan Kennedy, sai a 1970 aka buɗe ta.

Daga Yamai Shugaba Lyndon Johnson ya mayar da shi Dakar, aka ƙara masa Gambiya bayan ta samu 'yanci a watan Fabrairu na 1965. A ido wannan ci gaba ne, don Senghor tsohon abokinsa ne, kuma a 1964 fassarar da ya yi wa littafin Senghor kan gurguzu irin na Afirka ta fito. Sai dai akwai ƙaya a cikin tuwon. A 1961 ya riga ya fassara littafin Mamadou Dia, shugaban gwamnatin Senegal, kan ƙasashen Afirka da haɗin kan duniya. Kafin ya iso Dakar, Senghor da Dia sun ɓata, an kama Dia a watan Disamba na 1962, an kai shi kurkuku a Kedugu inda ya zauna har 1974. Ga jakada yana cin abinci a fadar ɗaya daga cikin marubutan da ya yi wa hidima, ɗayan kuma yana tsare a can ƙuryar ƙasa, kuma muƙaminsa bai ba shi damar ya buɗe baki a bainar jama'a ba.

A watan Afrilu na 1966 aka yi babban bikin fasahar baƙaƙen fata na duniya a Dakar. Cikin baƙin da suka zo daga Amurka akwai Langston Hughes, abokin fassararsa, da Duke Ellington, sarkin makaɗan jaz, ɗan Washinton wanda ke ɗaukar mahaifin Cook a matsayin malaminsa. A wannan shekara ya ajiye aikin jakadanci. Ƙarancin taimakon da gwamnatinsa ke ba Senegal ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya, ga shi kuma a shekarar ce Washinton ta tsai da shawarar tattara taimakonta a kan wasu ƙasashen Afirka 'yan ƙalilan, sauran kuma su samu ta hanyar ayyukan yanki. A ganina ya yi abin da dillali mai mutunci ke yi idan mai kuɗi ya ƙi motsa hannu, wato ya mayar wa mai kaya kayansa ya koma rumfarsa.

Rumfarsa kuwa ita ce aji. Ya koma Howard ya shugabanci sashen harsunan Faransanci da danginsa har ya yi ritaya a 1970. A 1969 shi da Stephen Henderson suka fitar da littafi kan marubuta baƙaƙen fata 'yan gwagwarmaya a Afirka da Amurka. Aikin da ya fi yaɗa sunansa kuwa bayan ritaya ya yi shi. Ya ɗauko littattafai biyu na masanin Senegal Cheikh Anta Diop, wanda ya kafa hujjar cewa wayewar tsohuwar Masar ta baƙaƙen Afirka ce, ya zaɓi babi-babi daga cikinsu, ya juya su zuwa Ingilishi a littafi guda da ya fito a 1974. Masana tarihi sun yi ta jayayya kan wasu hujjojin Diop, amma ta wannan fassara ce ɗalibai a Amurka da Nijeriya da Gana waɗanda ba sa jin Faransanci suka san shi, kuma an sake buga littafin sau da dama. A shekarar da ya fito ne, ranar 15 ga Afrilu, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka hamɓarar da Diori, mai masaukinsa na Yamai.

Hulɗar da ya buɗe wa ofishi ta yi ta hawa da sauka bayansa, har ta kai ga girke sojojin Amurka a Agadas, waɗanda suka kwashe kayansu a 2024 bayan hukumomin Yamai sun soke yarjejeniyar soja a watan Maris na shekarar. Shi dai bai ga wannan ba. Ya mutu a Washinton ranar 4 ga Oktoba na 1987 sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 84, wata ɗaya da 'yan kwanaki kafin rasuwar Kountché. Takardunsa da wasiƙunsa suna ajiye a cibiyar bincike ta Moorland-Spingarn da ke jami'ar Howard, inda ya fara koyarwa yana ɗan shekara 24.